Kitson Biki Daban, Kitson Tafiya Daban: Nasiha ga Amaren Gobir Masu Fita Waje

Wata uwa daga ƙasar Isa ta aiko da tambaya, kuma da yake irin tambayarta ta yawaita a bakin iyaye mata na Sabon Birni da Gatawa da sauran garuruwan bakin iyaka, na ga ya kyautu in amsa ta a fili domin fa'idar ta game kowa. Ta ce an sa ranar auren ɗiyarta da wani saurayi ɗan kasuwa, wanda ya ƙudura niyyar in an watse biki ya tafi da amaryarsa Umra, su yi mako biyu tsakanin Makka da Madina. Abin da ya hana ta barci kuwa shi ne ta ga yadda ɗiyar ƙanwarta ta yi irin wannan tafiya da gashi har kafaɗa, ta komo goshi ya kwashe, gefen kunnuwa ya yi fili, mutane suna cewa ruwan ƙasar waje ne bai karɓe ta ba, wasu kuma suna raɗa a gefe cewa kambun baka ne ko sammu. Tana neman a faɗa mata abin da za ta yi kada tata ɗiyar ta faɗa cikin wannan hali.

Amsata a taƙaice, kafin in shiga bayani, ita ce ruwan Makka ba shi da laifi a cikin wannan al'amari, haka nan ruwan Alƙahira ko na Dubai ko na Yamai. Galibin ɓarnar da ake gani a kan amarya bayan ta komo, tun a ɗakin uwarta aka ƙulla ta cikin kwanakin biki, tafiyar kuwa lokaci kawai ta ba ta har ta fito sarari. Saboda haka maganin yana hannun inna da gwaggo da makitsiya tun kafin a sayi tikitin jirgi.

Fita waje ba baƙon abu ba ne ga Bagobiri. Tun bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, da gidan sarauta ya rarrabu, wasu suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu daga baya suka kafa Sabon Birni, har Turawan Ingila da na Faransa suka zo suka ja iyaka tsakanin wa da ƙane a farkon ƙarni na 20, ba a fasa kai amarya gaida dangi a ƙetare ba, ko a Gidan Rumji ko a Madawa ko a Maraɗi. Kakanninmu mata kuma sun tafi Makka a ƙasa, ta Barno da Wadai da Sudan, tafiyar da takan ci shekaru, alhali kansu bai san komai ba sai man shanu da karkashi da kitson hannu wanda aka yi cikin natsuwa. Abin da ya sabunta a zamaninmu shi ne gaggawa da tarin sinadarai: a cikin mako guda a miƙar da gashin yarinya, a rina shi, a gasa shi da ƙarfe mai zafi, a kitse shi tamau, a ɗora masa ƙarin gashi mai nauyi, sa'an nan a sa ta cikin mota ta bi ƙurar hanyar Goronyo zuwa Sakkwato, daga can Kano ko Abuja, daga can kuma jirgi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in shi kaɗai ne, kai zai iya ɗauka, amma haɗa su a lokaci guda zalunci ne ga halittar da Allah ya ba ta amana.

Bari in fara da kitso, domin shi ne babban mai laifi, kuma shi ne wanda aka fi yi wa uzuri. Kowane silin gashi yana da saiwa da ke dashe a cikin fatar kai, daga nan yake tsiro, abin da bai wuce kimanin santimita 1 a wata ba. Gashin goshi da na gefen kunne kuwa shi ya fi kowanne siranta da rauni, shi ne kuma makitsiya ta fi tsanantawa a kansa domin layi ya fito tsaf. Idan aka ja shi aka ɗaure, ja ɗin bai ƙare da tashin makitsiya ba, yana nan dare da rana har ranar tsifa. Misalinsa kamar dashen albasa ne a fadamar Rima, wanda in aka riƙa jan ganyensa kowace safiya, ko da ba a tumɓuke shi ba, saiwarsa ba za ta taɓa kama ƙasa ba. Da farko fatar wurin takan yi ja, ƙananan ƙuraje masu farin baki su fito a gindin kitson, daga nan silin ya fita da ɗan farin abu a ƙarshensa. A wannan mataki, in an saki kai an bar shi ya huta, gashi yana komowa da yardar Allah cikin 'yan watanni. Amma in aka dawwama a kan haka shekara da shekaru, sai saiwar ta mutu, tabo ya maye gurbinta, fatar ta yi santsi tana ƙyalli, kuma daga nan babu man da zai tsiro da komai, ko nawa aka saye shi.

Duk wadda ta taɓa shiga ɗakin amarya ranar kitso ta san abin da nake nufi. Yarinya tana zaune a kan tabarma tun hantsi, kanta tsakanin gwiwoyin makitsiya, har la'asar ta yi sanyi ba a gama ba. In ta tashi sai ka ga girarta ta ɗage sama, fatar goshi ta miƙe, ba ta iya waiwaye sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya. A ba ta farasitamol biyu, wata gwaggo ta jiƙa tsumma da ruwan zafi tana danna mata, ƙawaye suna ce mata ta daure, ado sai da wuya, gobe zai saki. Da dare ba ta iya aza kai a matashi sai ta kwanta rub da ciki. Ni a wurina wannan zafin shaida ne isasshe, ba ya bukatar likita ya tabbatar. Ɗiyata, idan kin ɗaga gira kin ji kan yana ja, ko kin sunkuya sujada ƙeyarki ta ɗaure, ko ciwon kai ya hana ki barci, to a kwance layukan gaba a daren nan, kada a jira safiya, kuma kada kunyar makitsiya ko tausayin kuɗin da aka biya ya hana ki. Wannan ita ce kuma nasihata ga wadda goshinta ya riga ya kwashe: ta bar gaban kanta ba kitso ba ɗauri mai tsanani har watanni, ta duba ko ƙananan gashi masu laushi sun fara fitowa, domin fitowarsu alama ce saiwa tana da rai.

Na biyu shi ne man miƙar da gashi, rilaksa. Yawancinsa an haɗa shi ne da soda mai ƙuna, irin wadda ake dafa sabulu da ita, ko wani sinadari ɗan'uwanta, aikinsa kuwa ya karya ƙullin da ke cikin silin gashi wanda ya sa shi ya nannaɗe, domin ya kwanta. Abin da ya karye bai komawa, saboda haka gashin da aka miƙar ya fi na asali rauni har abada, sai sabon da ya tsiro daga ƙasa. Ƙa'idar da masana fata suka yarda da ita ita ce kada a maimaita shi sai bayan kamar mako takwas, a shafa shi ga sabon tsiro kaɗai, kuma kada a ɗora masa kitso mai ja sai ya sami mako biyu yana hutawa. Amma abin da ake yi a gidajen biki, a shafa yau a kitse gobe, wani lokaci ma fatar kai tana da ƙuna ɗanye a ƙarƙashin kitson. Idan dai ba makawa sai an yi, to a yi shi mako uku kafin ɗaurin aure. Idan kuwa yarinya ba ta taɓa sa shi ba, ina roƙon iyaye da kada su fara mata shi saboda biki, domin bikin kwana nawa ne, ita kuwa za ta zauna da sakamakonsa har sai duk gashin ya sake.

Akwai kuma baƙin rini da baƙin lallen kanti, waɗanda da yawansu suna ɗauke da wani sinadari da ake kira PPD. Wasu jikinsu yana karɓarsa lafiya, wasu kuwa yana tayar musu da borin jini mai tsanani, kuma illarsa ga matafiyi ita ce sau da yawa ba ya nuna kansa nan take, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ko fiye. Ke nan amaryar da aka rina wa kai ranar Alhamis, ta hau jirgi ranar Asabar, tana iya wayar gari a masauki a ƙasar da ba ta jin harshenta, fatar ido ta kumbura, kai yana tsiyayar ruwa, ango ya rasa inda zai nufa da ita. Ihtiyaɗi a nan shi ne a ɗiga kaɗan a bayan kunne, a jira awa 48, in wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi a bar shi gaba ɗaya. Jan lallenmu na gargajiya, wanda aka daka aka tankaɗe a gida ba a gauraya shi da komai ba, ya fi aminci nesa ba kusa ba.

Daga wannan bayani sai hukunci ya fito da kansa: kitson da aka yi domin idon jama'a ranar biki bai dace a tafi da shi ba. A tsara tafiya yadda za a sami kwana biyu ko uku tsakanin watsewar biki da tashi, a tsefe kai a hankali, a wanke shi, a bar shi ya sha iska yini guda, sa'an nan a yi kitson tafiya da gashinta na asali kaɗai, manyan layuka takwas ko goma da suka nufi ƙeya, sassauƙa, waɗanda yatsa zai iya shiga ƙarƙashinsu. Sharaɗin kitson tafiya guda ɗaya ne, ruwa ya iya shiga cikinsa ya kuma iya fita, kuma a kan wannan sharaɗi ne maganar likita da ta malamin fiƙihu suka haɗu.

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, saboda haka zan faɗi abin da iyaye mata ke jin nauyin faɗa wa 'ya'yansu. Amarya tana yawan wankan janaba, kuma wannan wanka ba ya inganta sai ruwa ya kai ga fatar kai. Shari'a ta sauƙaƙa mata, domin ya tabbata a hadisin Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, cewa ta tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko za ta riƙa kwance kitsonta saboda janaba, ya ba ta amsa cewa kamfata uku na ruwa a kanta sun isar mata, sa'an nan ta game jikinta da ruwa. Haka nan Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bayyana cewa mace za ta matsa gashinta domin ruwa ya ratsa, ba a wajabta mata warware shi ba. Sai dai malaman Malikiyya sun gindaya sharaɗi, cewa idan kitson ya yi tsananin da ruwa ba ya shiga, ko an naɗe shi da zaruruwa masu yawa, to warwarewa ta zama wajibi. Ka ga ashe kitson tamau, bayan cutar da yake yi wa goshi, yana iya jefa tsarkin mace cikin shakka. Abin da ya fi wannan ɗaga mini hankali kuwa shi ne amaryar da aka kashe dubban nairori a gyaran kanta, har ta riƙa jinkirta wanka don kada ruwa ya ɓata shi, sallar Asuba ta kuɓuce mata a garin da mutane ke sayar da gonaki domin su je su yi salla a cikinsa.

Shigar ruwa rabin mas'ala ne, fitarsa ita ce sauran rabin, kuma a nan ne yawancin amare ke kuskure ba da saninsu ba. Ta yi wanka gab da kiran salla, tana gaggawar kada sahu ya cika a Harami, sai ta ɗaure jiƙaƙƙen kai da hula, ta aza ɗankwali, ta zumbula hijabi mai kauri, ta fita. Kafin azahar zufa ta ƙaru a kan lema, da dare kuma a sake wani wankan. A cikin kwana biyar sai kai ya fara tsami, ƙaiƙayi ya taso, amosani ya yi fari a tsagar kitso, domin ƙwayar da ke haddasa shi dangin funfuna ce, abincinta maiƙo, jin daɗinta ɗumi da danshi. Gashi kuma in ya jiƙe ya fi saurin tsinkewa, balle wanda aka miƙar. Abin yi shi ne ta tashi da wuri yadda za ta sami ko da rabin awa tsakanin wanka da fita, ta ɗauki tsohon zane na auduga ta danna kitson layi layi tana tsane ruwan, ba tare da gurzawa ba, ta zauna kai a buɗe tunda daga ita sai mijinta a ɗakin. In akwai na'urar busar da gashi a masaukin, ta sa ta a kan iska mai sanyi ko mai ɗumi kaɗan, ta riƙe ta nesa da kai kamar taƙi guda. Ta tafi da hulunan ciki huɗu ko biyar domin ta riƙa sauyawa tana wankewa, kada ta maimaita mai danshi. Ƙullin ɗankwali kuma kada ya zauna kullum a wuri guda a kan gashin goshi, acuci kuwa, wannan tulin ƙyalle da ake cusawa a ƙeya, a bar shi a gida, domin nauyinsa gaban kai yake ja.

Ga wadda Umra ce tafiyarta akwai wasu hukunce-hukunce da suka shafi kai kai tsaye, waɗanda ya kamata ta zauna gaban malami ko malamarta ta Islamiyya ta ji su tun a gida. Da zarar ta yi niyyar harama, cire gashi ya haramta gare ta, haka nan turare, kuma a mazhabar Imam Malik har shafa wa gashin kai mai, ko da marar ƙamshi ne, an hana. Bal ma Malikawa ba su son mutum ya shiga harami da ƙamshin da zai wanzu a jikinsa. To amaryar Hausa, wadda aka yi mako ana turara ta da turaren wuta ana shafe ta da humra har cikin tsagar kitso, lalle ne ta wanke kanta sosai da sabulu marar ƙamshi a wankan harama, ta kuma gama duk wata taza da tsifa kafin nan. Wanda ya fara sauka Madina ya fi samun sarari, domin sai ranar tafiya Makka zai ɗauki harama a Zulhulaifa. Wanda kuwa jirginsa Jidda zai sauka ya wuce Makka, to tun a Kano ko Abuja za a yi wankan. Bayan ɗawafi da sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sai taƙsiri, wato ta rage daga ƙarshen gashinta gwargwadon gaɓar yatsa, daga dukan jelolin kitson. A nan ne ƙarin gashi ke fallasa mai shi, domin bayan hanin da ya zo a hadisi a kan mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa, wadda aka yi wa kalaba da gashin roba har gadon baya, in ta kama jela ta yanke, roba ta yanke, nata gashin yana can sama almakashi bai taɓa shi ba. Manyan layuka na gashinta na asali kuwa, cikin ɗan lokaci an gama. Kada ta buɗe kanta a cikin taron maza a Marwa. Ta bari ta koma masauki, ta yanke da kanta ko wata mace ta yanke mata, kuma ango ya sani cewa ba zai kusance ta ba sai an yi wannan.

Maganar guzurin kai ba ta da tsawo. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, danshinta yakan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, tafiyar Kano zuwa Jidda kuwa kusan awa biyar ce, saboda haka a sha ruwa, wadda ba ta cikin harama kuma ta ɗan shafa man kaɗanya a jelolin kitso kafin ta hau. Duk wani ruwa ko mai da ya wuce mililita 100 ba a barinsa a jakar hannu, ƙaramin almakashi ma cikin babbar jaka ya kamata a sa shi, kuma a ɗaure kwalaben mai cikin leda kada su ɓata kayan lefe. Ta tafi da sabulu da man da kanta ya riga ya saba da su. Kwanakin amarci a baƙuwar ƙasa ba lokacin gwada sabon abu ba ne, ko da kantunan Makka da Dubai sun cika da kwalabe masu ɗaukar ido. Wadda za ta ƙasa mai sanyi kamar Turkiyya ko Ingila a watan Disamba, halin can kamar hunturunmu ne, ɗakuna masu ɗumi da busasshiyar iska, mai da danshi take bukata. Wadda za ta bakin teku kamar Kwatano ko Lome ko Malesiya, zufa da rashin bushewa ne abokan gabanta, ta rage mai ta ƙara wanki. In ta shiga ruwan teku ko tafkin wanka na mata, ta ɗauraye kai da ruwan daɗi nan take.

Kai kuma ango, ɗana, rabonka a cikin wannan ba kaɗan ba ne. Kai ne za ka ce wa danginka da nata ba ka bukatar a azabtar da ita domin ta burge ka, kuma kalmarka ɗaya ta fi nasihata dubu tasiri a kunnenta. Kai ne za ka tabbatar fasfo ɗinku yana da aƙalla wata shida kafin ya ƙare, kun karɓi katin rigakafin shawara, an yi muku allurar sanƙarau kwana 10 ko fiye kafin shiga Saudiyya. In Nijar za ku, tun da ƙasar ta fita daga ECOWAS a watan Janairun 2025, ka bincika halin takardu a bakin iyaka kafin ku tashi. Kuma tunda duk mun san irin jarrabawar da Allah ya ɗora wa ƙasashen Isa da Sabon Birni a shekarun nan ta rashin tsaro a hanyoyi, ku yi tafiya da rana, ku rage shela, amarya ta rufe adonta har ku isa birni. Allah ya yaye mana.

Kula da kai a gida, bayan an komo, bai bambanta da wannan ba sai a sauƙi. A wanke shi kowane mako ko kwana goma, a ƙara kusantawa a lokacin bazara da zufa ke yawa. Ruwan wasu rijiyoyinmu yana da kanwa-kanwa, sabulu ba ya kumfa a cikinsa, yana barin gashi da kaushi. Wadda ta sami ruwan sama da damina ta tara domin wankin kai ta yi dabara. Karkashi, wanda iyayenmu ke jiƙawa har ya yi yauƙi, yana warware cuɗewar gashi fiye da yawancin abin da ake sayowa da tsada, garin ganyen magarya kuma yana wanke datti ba tare da ya bushe kai ba; sabulun salo yana da kyau amma yana da kaifi, a tsarma shi da ruwa, a bi shi da mai. Man kaɗanya ko na kwakwa ko na zaitun ana shafa shi ne a jikin gashi yana da sauran ɗan danshi domin ya tsare ruwan a ciki, ba a lafta shi a fatar kai har ya toshe ta, musamman ga mai amosani. Kitso kada ya wuce mako uku ko huɗu, tsifa kuma daga jela ake farawa da ɗan mai a yatsa, taza da mataji mai faɗin haƙora daga ƙasa zuwa sama, a bar kai ya huta kwana biyu kafin sabon kitso, a kuma sauya inda layi ya nufa. Ina so kuma a san cewa babu wani mai, ko na Chadi ne ko na Indiya, da ke sa gashi ya yi saurin tsiro fiye da yadda aka halicce shi. Abin da mai nagari ke yi shi ne ya hana karyewa, sai tsawon da ya tsiro ya tsaya. Tsiro daga jini yake, kuma ƙarancin jini ya yawaita ga matanmu matasa, don haka wake da zogale da hanta da ƙwai da kifin gulbi sun fi kwalba amfani, shayi kuma a nisanta shi da lokacin cin abinci domin yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki.

Kada amarya ta firgita ranar tsifar farko in ta ga dunƙulen gashi a hannunta. Kowane mutum lafiyayye yana zubar da sili 50 zuwa 100 a yini, wanda ke cikin kitso kuwa ba shi da hanyar faɗuwa sai ya taru, ranar tsifa ya fito gaba ɗaya. Haka nan zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko taifod, ko haihuwa, ko tashin hankali, suna iya sa gashi ya zube ko'ina a kai bayan wata biyu ko uku, a lokacin da an manta da sababin, kuma irin wannan yakan komo da kansa cikin kamar wata shida. Amosanin da ya ƙi jin wanki, shamfu mai ketoconazole sau biyu a mako, a bar shi minti biyar kafin ɗauraya, yakan kwantar da shi cikin wata guda. Abin da ba a zama da shi a gida shi ne fili mai zagaye da ɓawo da guntulallen gashi irin na makero, ko ƙuraje masu ruwa, ko wurin da ya yi santsi yana faɗaɗa. Wannan a kai shi babban asibitin Isa ko na Sabon Birni, in ya gagara a nemi takardar turawa zuwa ga likitan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma a guji man haɗe-haɗe na kemis, domin da yawansu suna ɗauke da sinadarin da ke kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci alhali cutar tana yaɗuwa a ƙarƙashi. Wajibi ne kuma amarya ta gaya wa likita in al'adarta ta yi jinkiri ko tana zaton ta sami shigar ciki, domin griseofulvin da ake sha saboda makero, da minoxidil da ake shafawa saboda zubewar gashi, duka biyu ba a ba mai juna biyu.